Na'urorin hana sata a kanti: abin da suke iya tsarewa da abin da ya fi ƙarfinsu

Shin ƙofar nan mai kuka da ake kafawa a bakin manyan kantuna tana hana sata kuwa, ko mai gaskiya kawai take firgitawa, gwanin ɓarawo ya wuce abinsa? Tambayar ta shigo hirar 'yan kasuwar Zariya ne ta hanya biyu. Ta farko bidiyoyin da ke yawo a waya, inda ake ganin gungun samari sun kutsa kanti a Amurka sun yashe jerin kaya cikin minti guda sun fice. Ta biyu kuwa a gida take. Daga Samaru zuwa PZ, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, kantunan da mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa sai ƙaruwa suke yi, masu su kuma na kukan cewa kaya na tafiya ba tare da kuɗinsu sun shiga aljihun tebur ba. Wasu sun ce a sayi na'ura a huta. Wasu sun ce asarar kuɗi ce, yaro mai ido ya fi ta. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa, domin ba su fara tantance irin satar da suke magana a kai ba.

Wace satar ake nufi?

Akwai mai ɗaukar abu guda. Ya ga turare ko cakulan, hankalin yaron shago ya tafi wani wuri, sai ya zura a aljihu. Bai fito daga gida da shiri ba, kuma sau da yawa shi zai yi amfani da abin. Wannan tsoron kunya kaɗai na iya hana shi.

Akwai kuma satar gungu, wadda ita ce asalin zancenmu. Ita sana'a ce, da rabon aiki. Wani ya tsare yaron shago da ciniki, a sauko masa da wannan a mayar, a ɗauko wancan ya ce ba kalar yake so ba. Wani na cusa kaya a jaka. Na uku na kan babur a waje, inji a kunne. Can a baya kuma akwai wanda ba ya taka ƙafa cikin kanti ko kaɗan, shi ne mai karɓar kayan ya biya su rabin kuɗi ko ƙasa da haka, wanda Hausawa ke kira ɓarawon zaune. Abin da ya bambanta wannan sata da ta farko ba yawan mutanen ba ne kawai. Su don sayarwa suke ɗauka, shi ya sa suke dawowa, kuma shi ya sa suke zaɓen kaya.

Zaɓen nasu ba a ɓoye yake ba. Wani masanin laifuka ɗan Ingila, Ronald Clarke, ya bayyana a 1999 cewa kayan da aka fi sata su ne masu sauƙin ɓoyewa, masu sauƙin ɗauka, masu daraja, sannan uwa uba masu saurin shiga a kasuwa. Duk mai shagon kayan masarufi a Sabon Gari zai iya jera maka su ba tare da ya karanta komai ba: madarar jarirai, man shafawa mai tsada, turare, reza, caja da abin sauraro na kunne, wayar hannu. Ba wanda zai sha wahalar satar buhun gishiri.

Wasoso daban ne. Abin da aka yi wa manyan kantuna a Legas da Ilorin a watan Oktoban 2020, ko fashe-fashen da suka sa gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya a watan Agustan 2024, rugujewar doka ce ta ɗan lokaci. Babu ƙararrawar da za ta tsayar da mutum ɗari. Ƙofar ƙarfe da jami'an tsaro ne maganin wannan, kuma duk wanda ya haɗa shi da satar gungu zai sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

Daga kanta zuwa kwando

Shagonmu na gargajiya da kariyarsa ya zo. Kanta tana tsakanin mai saye da kaya, ka faɗi abin da kake so, yaro ya miƙo maka, ka miƙa kuɗi. Hannunka ba ya kaiwa ga kaya sai ka biya. Tsarin ɗaukar kwando a birnin Memfis na Amurka ya samo asali, a 1916, lokacin da Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly. Dabararsa ta yi aiki domin mutum in ya taɓa abu da hannunsa ya fi saurin saye, kuma ma'aikata kaɗan sun isa. Amma ranar da aka cire kanta, ranar aka buɗe wa ɓarawo hanya. Duk na'urorin da aka ƙera daga baya ƙoƙari ne na maido da amfanin kanta ba tare da an maido da ita kanta ba. Mai kantin da ya bar tsohon tsari a Kwangila ko Kongo ya koma na kwando, ya sani ya sayi ribar tsarin tare da ciwonsa.

Yadda ƙofa mai kuka ke aiki

A tsakiyar shekarun 1960 aka fara wannan fasaha a Amurka. Ana danganta ƙirƙirarta ga Arthur Minasy, sannan kamfanin Sensormatic, wanda wani tsohon manajan kanti a jihar Ohayo mai suna Ronald Assaf ya kafa, ya yaɗa ta. Abu uku ne ke aiki tare: alamar da ake maƙala wa kaya, turaku biyu a bakin ƙofa, da na'urar da ke wurin kashiya mai cire alamar ko kashe ta bayan an biya.

Alamar iri biyu ce. Akwai maɓallin roba mai tauri da ake sokawa a jikin tufafi, takalmi ko jaka, wanda ba ya fita sai da abin cirewa na musamman, kuma ana sake amfani da shi. Akwai sitika mai laushi da ake mannawa a jikin kwali ko kwalba, ita kuma tana tafiya da kayan. In ka ɗaga irin wannan sitika a haske za ka ga siririn zaren ƙarfe a nannaɗe kamar gammo. Turakun ƙofa na watsa igiyar rediyo mai zangon megahaz 8.2, zaren nan kuma an auna shi daidai yadda zai amsa wannan zango. Da ya shiga tsakanin turakun sai ya amsa, ƙararrawa ta tashi. A wurin kashiya ana ɗora kayan a kan wani faranti da ke ƙona wani ɗan gurbi a cikin sitikar, shi ke nan ta mutu. Ɗaya nau'in kuma, mai ɗan tudu kamar guntun cingam, siraran ƙarafa ne a ciki masu karkarwa in igiyar kilohaz 58 ta buge su. Shi ya fi jure zama kusa da ƙarfe, ya fi dacewa da ƙofa mai faɗi, kuma ya fi tsada.

Babu batir a cikin alamar, babu kyamara, ba ta san wanda ya ɗauke ta ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta bi ta ƙofa da ranta. Wannan ne iyakarta. Tana kuka, ba ta kamawa. In babu mai gadin da zai tashi, ko yana nan amma ya gaji da kukan ƙarya har ya daina ɗaga kai, turakun sun zama ado.

'Yan gungu kuwa sun daɗe da nazarinta. Suna zuwa da jakunkunan da aka yi wa shafi a ciki don igiyar kada ta ratsa, suna sayen abin cire maɓalli a intanet, wasu ma ba sa damuwa da kukan, tunda kafin mai gadi ya miƙe babur ya sha kwana. Masu ƙera na'ura su ma suka mayar da martani, suka ƙara wa turakun abin gano irin waɗannan jakunkuna tun daga shigowa. Haka ake ta yi, kowa na bin sawun kowa. Gaskiyar magana ita ce ƙofa mai kuka ta fi yin maganin mai ɗaukar abu guda, ba ƙwararru ba.

Sabuwar dabara: a bar shi ya ɗauka, amma kada ya amfana

Nan ne tunanin masu ƙira ya juya, kuma nan ne ni na fi ganin alheri. Tunda ɗan gungu don sayarwa yake sata, to a sa kayan su zama marasa amfani a hannunsa.

Mafi tsufa a wannan layi shi ne maɓalli mai tawada. Ƙananan kwalabe ne na rini a ciki, in aka ɓalle shi da ƙarfi sai su fashe su ɓata rigar, ba mai saye. Na zamani sun wuce nan. Kamfanin Home Depot na Amurka ya fara gwada sayar da injinan aikin hannu, irin na huda bango, waɗanda ba za su tashi ba sai an kunna su a wurin biyan kuɗi. Kamfanin Lowe's ma ya fito da irin wannan tsari. Wanda ya fi kusa da mu ya faru ne a Afirka ta Kudu. Bayan tarzomar watan Yulin 2021, inda aka wawashe rumbun ajiyar Samsung a lardin KwaZulu-Natal, kamfanin ya sanar da cewa duk talabijin ɗin da aka sace, da zarar an haɗa ta da intanet za a gane lambarta a kashe ta daga nesa. Wanda ya saya da arha a bayan fage ya tashi da baƙin gilashi. Wayoyin da ake bayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan, waɗanda ke kulle kansu in ba a biya ba, dabara ɗaya ce, kuma mutanenmu sun riga sun san su.

Akwai kuma alamar RFID, wadda a ido take kama da sitika amma tana ɗauke da ɗan ƙwaƙwalwa mai lambar da ta keɓanta da wannan kaya shi kaɗai. Tsohuwar sitika cewa take yi wani abu ya fita. Wannan kuwa tana faɗin wane abu ne, kuma an biya ko ba a biya ba. Ma'aikaci zai zagaya da na'urar karantawa a hannu ya ƙirga kayan shago gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, aikin da da sai an rufe shago an kwana ana yi. In an kama kaya a wani wuri kuma, ana iya nuna daga inda suka fito.

Matsalar ita ce wannan dabara ba ta hawa kan kowane kaya. Ana iya kashe talabijin daga nesa, ba a iya kashe gwangwanin madara. Shi ya sa manyan kantunan magani da na masarufi a Amurka suka koma kulle sabulu da man goge baki a akwatin gilashi, sai ka danna ƙararrawa ka jira ma'aikaci. Kanta ce ta dawo da sabuwar riga, kuma ta dawo da tsadarta: a watan Janairun 2025 shugaban kamfanin kantunan magani na Walgreens a lokacin, Tim Wentworth, ya amsa a fili cewa kayan da aka kulle ba a sayar da su da yawa kamar da. Mutum ya jira minti biyar bai ga kowa ba, sai ya tafi wani wuri.

Gardama a kan girman matsalar

Kada bidiyo ya ruɗe mu. A Amurkar ma ba a daidaita ba a kan girman satar gungu. Ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar ta ce giɓin kaya na shekarar 2022, wato bambancin abin da littafi ya ce akwai da abin da aka ƙirga aka samu, ya kai dala biliyan 112, kimanin kashi 1.6 cikin ɗari na ciniki. Adadin da girma. To amma a cikin binciken nata, satar mutanen waje kashi 36 ce cikin ɗari na giɓin, satar ma'aikata kashi 29, kurakuran lissafi da na tsari kashi 27. Satar gungu wani yanki ne kawai a cikin kashi 36 ɗin. A watan Disamban 2023 ƙungiyar ta janye wani iƙirari da ta yi cewa satar gungu ce ta ci kusan rabin giɓin, bayan an gano babu hujja a ƙarƙashinsa.

Masu kantuna na cewa adadi ba ya nuna tashin hankalin da ma'aikata ke fuskanta, kuma suna da gaskiya. Kamfanin Target ya rufe rassa 9 a 2023, ya ce sata ce dalili. A Ingila da Wales rahotannin satar kanti da 'yan sanda suka rubuta sun haura rabin miliyan a 2024. Masu suka kuma na cewa wani lokaci ana jingina wa ɓarawo laifin rashin ciniki da rashin iya gudanarwa. Shugaban harkokin kuɗi na Walgreens da bakinsa ya ce a farkon 2023 wataƙila sun zuzuta kukan fiye da kima.

Darasin da ke ciki ga mai shago a Zariya a bayyane yake. In sama da rabin giɓin a kantunan da ke da kwamfuta da akantoci daga cikin gida yake fitowa, ina ga shagon da littafinsa ɗaya ne, wani lokacin ma a ka ake riƙe lissafi? Na zauna da wani ɗan'uwana mai shagon kayan shafe-shafe a Sabon Gari da ya rantse baƙi ne ke yi masa ɗauki ɗai-ɗai, har yana tambayar kuɗin turaku. Muka rufe shago ranar Lahadi muka zauna a ƙasa da rasit na sari na wata uku. Abin da muka tarar ya sanyaya masa jiki. Katan biyu an rubuta dozin shida-shida, biyar-biyar suka zo. Akwai bashin 'yan'uwa da ba a rubuta ba. Akwai alat na bogi har sau biyu da yaro ya ɓoye don tsoron faɗa. Satar baƙi tana ciki, amma ita ce ƙarama. Da ya sayi turakun nan, da ya toshe ƙaramin rami ya bar manya.

Ɓarawon zaune

Satar gungu ba za ta kwana biyu ba in babu mai saye. Amurkawa sun gane haka, domin da yawa daga cikin kayan a shafukan cinikin intanet ake zubar da su. Dokar da ta fara aiki can a watan Yunin 2023 ta tilasta wa shafukan su tantance duk wanda ya yi ciniki 200 da ya kai dala 5,000 a shekara, su san sunansa da asusunsa. Ba ƙofar kanti aka tsare ba, ƙofar fitar kayan aka matse.

A nan ma haka ne, sai dai kasuwar tamu ta ido da ido ce, da ta Facebook da WhatsApp. Wani zai zo maka da madarar jarirai ƙasa da farashin sari, ba katan, ba rasit, ya ce kuɗi yake nema da gaggawa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san babu yadda za a yi halas ta yi wannan arha. Dokar ƙasa na hukunta mai karɓar kayan sata da saninsa, addini ma bai bar shi ba. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne, wani lokaci mai sayen maƙwabci ne a layi ɗaya da wanda aka yi wa satar, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin kasuwa.

Ban manta da matsin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya hau, hauhawarsa ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma uwar da ke neman madara mai sauƙi ba muguwa ba ce. Amma wanda ya tara samari ya raba musu aiki ba yunwa ce ta tura shi ba. Yunwar mutane ce ta zama masa kasuwa.

Abin da zai shafi mai shago da mai saye

Lissafin asara ba ya da wuya. In ka sari abu a naira 9,000 kana sayarwa 10,000, guda ɗaya in ya ɓace sai ka sayar da tara kafin uwar kuɗinka ta dawo. Wannan asara ba ta tsayawa a kan mai shago. Tana hawa kan farashi, mai gaskiya ya biya, ko kuma a zaftare ta daga albashin yaron shago da bai ci ba bai sha ba.

Na'ura ita ma ba kyauta ba ce. Daga waje ake shigo da ita, da dala. Sitika kullum sai an saya. Turaku da kyamara na son wuta ba yankewa, kuma kowa ya san halin wutarmu, saboda haka sai an haɗa da inbata ko sola, in ba haka ba ɗan gungu zai jira a ɗauke wuta ne kawai. Ga kantin da ke da ƙofa ɗaya, kaya masu tsada da mai gadi tsayayye, tana iya biyan kanta. Ga mai shagon da faɗinsa bai wuce taku biyar ba, mayar da turare da madara bayan kanta, rage tsawon jerin kaya yadda kashiya zai hango ko'ina, da ƙirga kayan nan goma da aka fi sata kowace yamma, sun fi masa.

Sai batun mutunci, wanda masu tallar na'ura ba sa faɗa. Na taɓa tsayawa a layi a wani kanti, wata baiwar Allah mai goyo ta biya kuɗinta ta nufi ƙofa, ƙararrawa ta ɗauka. Kowa ya juya. Mai gadi ya tare ta, ya zazzage ledarta a kan tebur a gaban mutane, hannunta na rawa tana neman rasit a cikin jaka, yaron a bayanta ya fashe da kuka. Ashe kashiya ce ba ta ɗora kwalbar man gashi a kan farantin ba. Ba wanda ya ce mata ki yi haƙuri, Hajiya. A garin da kalmar ɓarawo in ta fita daga baki ɗaya kan tara jama'a da sanduna kafin a yi tambaya, kukan ƙarya ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya kafa turaku wajibi ne ya koya wa mai gadinsa cewa kuka ba shaida ba ne, ya keɓe wurin dubawa daga idon jama'a, ya ajiye mace da za ta duba mata.

Kyamarori masu gane fuska sun fi wannan haɗari. A watan Disamban 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta wa kamfanin kantunan magani na Rite Aid amfani da su har shekara biyar, saboda sun riƙa nuna mutanen da ba su yi komai ba a matsayin ɓarayi, abin kuma ya fi faɗawa kan mata da waɗanda ba fararen fata ba. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutane tun 2023, don haka ɗora hoton wanda ake zargi a WhatsApp kafin a tabbatar na iya jefa mai shago cikin shari'a.

Aikin da na ga ya fi dacewa da Zariya na ƙungiyoyin kasuwa ne, kuma ba ya buƙatar dala. Gungu ɗaya ne ke zagaya shaguna da yawa, amma kowane mai shago shiru yake yi da tasa asarar. In shugabannin layi suka buɗe littafi guda da za a rubuta abin da ya ɓace, da rana, da lokaci, cikin 'yan makonni salon zai fito, a samu abin miƙa wa 'yan sanda wanda ya wuce zargi. 'Yan waya a PZ kuma suna da abin da masu madara ba su da shi, domin kowace waya da lambarta ta IMEI mai lamba 15, wadda ke fitowa in an danna *#06#. A rubuta ta a rasit ranar sayarwa, a kuma yi doka a tsakaninsu cewa ba mai karɓar waya ta hannu sai da kwalinta ko rasit, da katin shaidar wanda ya kawo.